Birkin Gaba Ba Abokin Gaba Ba Ne

Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga birnin Sakkwato ta yi kudu, ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari kafin ta miƙa zuwa Tambuwal da Jega, ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani a yankin nan. Shi ke ɗauko manomi da buhun geronsa daga Sifawa ko Danchadi zuwa kasuwa, shi ke kai malamin makaranta wurin aiki a Kajiji ko Dandin Mahe, shi ne kuma motar asibitin mace mai naƙuda idan dare ya raba a ƙauyen da mota ba ta iya shiga. Samari da dama ba su da wata sana'a sai kabu-kabu, da ita suke ci, da ita suke aure, da ita kuma suke riƙe iyaye.

To amma akwai wata al'ada da ta zama jiki ga mahaya da yawa, wadda ya kamata masu ilimi su tsaya su dube ta da idon basira. Al'adar kuwa ita ce tsoron birkin gaba. Yaron da ke koyon tuƙi, abin da ake fara ja masa kunne a kai shi ne kada ya kuskura ya matsa birkin hannu, domin wai kayar da mutum yake yi. Wasu ma sukan bar wayarsa ta saki har ya zama ado kawai, su dogara ga birkin ƙafa shi kaɗai. Wannan tsoro yana da dalili, amma maganin da aka ba shi ya fi cutar illa. Maganin gaskiya yana nan an daɗe da samo shi, watau na'urar da ake kira ABS, wadda aikinta shi ne hana taya cijewa yayin da aka taka birki da ƙarfi. Ana iya kiranta hana-cije da Hausa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, lokaci ya yi da za a daina shigo wa talakan Nijeriya da babur mai birkin da ƙasar da ta ƙera shi ta daina yarda a sayar wa nata talakan.

Dalilin da ya sa birkin gaba ke kayarwa

Kafin mai karatu ya gane amfanin wannan na'ura, sai ya fara sanin abin da ke faruwa tsakanin taya da ƙasa. Wurin da tayar babur ke taɓa kwalta bai fi faɗin tafin hannu ba, kuma da wannan ɗan wuri ne babur ke tafiya, yake karya kwana, yake tsayawa. Muddin taya na juyawa, tana riƙe da ƙasa. Masana sun auna sun gano cewa riƙon ya fi ƙarfi a lokacin da birki ya rage juyawar taya da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari bisa ga gudun da babur ke yi. Idan aka wuce nan har taya ta cije ta daina juyawa, sai ta koma sulɓi kamar takalmi a kan daɓe mai santsi, riƙon ya ragu, tazarar tsayawa ta ƙaru.

Abu na biyu shi ne nauyi. Wanda ya taɓa gudu da ƙwarya cike da ruwa ya tsaya farat ɗaya, ya ga yadda ruwan ke tunkuɗowa gaba. Haka nauyin babur da na mahayinsa ke komawa kan tayar gaba da zarar an taka birki. Tayar gaba sai ta ƙara danne ƙasa, ta baya kuwa ta yi sakayau. Wannan ne ya sa malaman tuƙi ke cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙarfin tsayar da babur yana ga birkin gaba. Wanda ya yi watsi da shi, ya zubar da mafi yawan abin da zai cece shi ke nan. Gaskiya ne idan an ɗauko fasinja ko buhu a baya, tayar baya takan sami nauyin da zai ƙara mata riƙo, shi ya sa birkin ƙafa kan wadatar a tafiyar yau da kullum. Ranar da ba ya wadatarwa ita ce ranar da akuya ta faɗo hanya, ko yaro ya tsallako da gudu, ko tirela ta ci birki a gaba babu zato.

Lissafin a fili yake. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya da mahayi zai yi kafin ya gane haɗari ya kai hannu ga birki, ya riga ya shafe wannan tazara. Bugu da ƙari, idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata takan ninka sau huɗu. A irin wannan hali mutum ba ya auna ƙarfin hannunsa, damƙa kawai yake yi da iyakar ƙarfinsa. Idan ya danne na ƙafa, tayar baya ta cije, gindin babur ya fara wutsil-wutsil, ya tafi yana jan ƙasa har ya tarar da abin da yake gudu. Idan kuwa ya damƙe na hannu tayar gaba ta cije, to abin ya fi muni, domin da juyawar tayar gaba da ɗan karkata kan da mahayi ke yi ba tare da ya sani ba ne babur ke tsayuwa bisa ƙafafunsa biyu. Tana cijewa, kan babur ya kuɓuce, kafin ƙiftawar ido mutum yana ƙasa. Gaba kura ke nan, baya siyaki. Saboda haka wanda ya ce birkin gaba na kayarwa bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen magana ba: cijewar taya ce ke kayarwa.

Yadda hana-cije ke aiki

Mahayin doki da ya ƙware ba ya fizgar linzami gaba ɗaya idan yana son tsayar da doki a wuri mai santsi. Yakan ja ya sassauta, ya ja ya sassauta, yana jin yadda ƙafafun dokin ke kama ƙasa. Aikin hana-cije ke nan, sai dai ita tana yinsa da saurin da hannun ɗan Adam ba zai iya ba, kuma ba ta firgita.

Sassa uku ne suka haɗu suka yi ta. Na farko shi ne mai sa ido. A cibiyar taya akan ɗaura wani zoben ƙarfe mai haƙora ko ramuka a jere, kusa da shi kuma a kafa wata 'yar na'ura mai maganaɗisu wadda ke ƙidaya haƙoran yayin da suke wucewa. Daga yawan haƙoran da suka wuce cikin daƙiƙa ake sanin saurin juyawar taya. Na biyu shi ne mai hukunci, watau wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke karɓar wannan ƙidaya ba ƙaƙƙautawa. Idan ta ga juyawar taya na faɗuwa da saurin da babur kansa ba zai iya rage gudu da shi ba, ta san taya na gab da cijewa. Na uku shi ne mai zartarwa, wani ɗan akwati da ke kan hanyar man birki tsakanin hannun mahayi da taya, mai ɗauke da bawul-bawul da ƙaramin famfo.

Da zarar kwamfuta ta hango cijewa, sai ta rufe bawul ɗin shiga, ta yadda duk ƙarfin da mahayi zai ƙara ba zai isa ga taya ba. Idan taya ta ci gaba da neman tsayawa, sai ta buɗe bawul ɗin fita, man birki kaɗan ya koma wata ma'ajiya, birki ya sassauta, taya ta sake kama juyawa. Nan take famfo ya mayar da man, birki ya sake kamawa. Wannan kamu da saki yakan faru sau da yawa cikin daƙiƙa guda, har babur ya tsaya ko ƙasa ta gyaru. Abin da mahayi zai ji kawai shi ne ɗan kaɗawa a hannun birki, kuma abin da ake so ya yi shi ne ya ci gaba da damƙewa, kada ya saki. A tafiyar da babu haɗari, na'urar ba ta sa baki ko kaɗan. Idan kuma ta lalace, wata 'yar fitila takan kama a gaban mahayi, birki ya koma aiki irin na kowane babur.

Akwai sharaɗi guda mai muhimmanci. Wannan na'ura da man birki take aiki, sabili da haka tana bukatar birkin faifai, irin wanda mai ke matsa wasu 'yan ƙarafa su cafke faifan da ke jikin taya. Baburan da suka cika hanyar Boɗinga kuwa, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da takwarorinsa na ƙasar Sin, galibinsu birkin ganga ke gare su gaba da baya, wanda ke ɓoye cikin cibiyar taya ana jansa da waya ko sandar ƙarfe. Ba a liƙa wa irin wannan hana-cije a bakin hanya, tun daga masana'anta ake tsara babur da ita.

Taƙaitaccen tarihi

Ba jiya aka fara wannan dabara ba. A jiragen sama aka fara cin moriyarta, inda kamfanin Dunlop na Ingila ya fito da irin tasa mai suna Maxaret a shekarun 1950. A 1958 aka gwada ta a kan babur ƙirar Royal Enfield a Ingila, amma ba ta shiga kasuwa ba. A 1978 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus suka sa mai aiki da lantarki a mota. Sai a 1988 kamfanin BMW ya fara sayar da babur mai ita, watau K100, kuma a lokacin nauyin na'urar ya kai kilo 11. A yau akwai waɗanda ba su kai kilo ɗaya ba, kuma wannan raguwa ce ta sa ta sauko daga baburan attajirai zuwa na masu neman abinci.

Amfaninta kuma an auna shi. Wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka, IIHS, ta kwatanta babura iri ɗaya, masu na'urar da marasa ita, ta bayyana a 2021 cewa masu ita sun yi ƙasa da kashi 22 cikin ɗari wajen shiga haɗarin da ake rasa rai. Tarayyar Turai ta wajabta ta ga sababbin ƙirar babura da injinsu ya wuce cc 125 tun daga 2016. Indiya ta bi sahu: daga Afrilu 2018 ga sababbin ƙira, daga Afrilu 2019 kuma ga duk sabon babur da za a sayar, wanda ya wuce cc 125 dole ya zo da hana-cije, wanda bai wuce ba kuma dole ya zo da ita ko da haɗaɗɗen birki. A 2021 kamfanin Bajaj ya fito da Platina mai cc 110 ɗauke da hana-cije a tayar gaba, babur na talaka ɗan uwan Boxer. A 2025 kuma gwamnatin Indiya ta gabatar da shawarar a wajabta ta ga kowane sabon babur komai ƙanƙantar injinsa.

Shi haɗaɗɗen birki, wanda ake kira CBS, ya cancanci a yi masa bayani, domin kamar don mahayan yankin nan aka yi shi. Tsari ne da ke haɗa birki biyu wuri ɗaya, ta yadda idan mahayi ya taka na ƙafa, wani kaso na ƙarfin zai tafi ga tayar gaba da kansa. Ba ya bukatar kwamfuta, yana aiki da birkin ganga, kuma bakaniken da ya iya ɗaure waya zai iya gyara shi. Ba ya hana taya cijewa, amma yana mayar wa mai tsoron birkin gaba da wani sashe na abin da ya zubar, ba tare da an jira ya sake hali ba.

Hujjojin masu suka

Mai suka na farko zai ce tsada. Wannan hujja ce mai nauyi, domin ɗan kabu-kabu da yawa bashi ya ci ko babur ɗin wani yake ja yana kai balas kullum, kuma faɗuwar darajar naira ta riga ta sa sabon babur ya yi wa talaka nisa. To amma sai a ɗora wannan ƙari a kan sikeli tare da kuɗin karaya. Wanda ƙafarsa ta karye, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo aka kai shi, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ko wurin mai ɗori, wata da watanni zai yi kwance, babu shiga sai fita, ga iyali ga gyaran babur. Idan abin ya zo da damina, gonar shekara ta tafi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa arahar kan ci ƙafa, wani lokaci ta ci rai.

Na biyu zai ce ai hanyoyin ƙauye ba kwalta ba ne, rairayi ne da tsakuwa. Shi ma yana da gaskiya gwargwado. A cikin yashi mai zurfi ko tsakuwa sakakkiya, tayar da ta cije takan tara ƙasa a gabanta ta taimaka wajen tsayawa, hana-cije kuwa ba ta bari hakan ta faru, don haka tazarar tsayawa na iya ƙaruwa. Sai dai a duba abu biyu. Na ɗaya, a cikin rairayi babur ba ya gudun da yake yi a kwalta, kuma gudu ne ke mayar da faɗuwa ta zama ajali. Babban titin da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, inda babur ke gogayya da tireloli da tankokin mai, nan ne wurin da ake tsoro, musamman gefen kwalta da iskar hunturu ke shimfiɗa wa yashi, da ruwan farkon damina da ke haɗuwa da ƙura da baƙin mai ya zama santsi. Irin wuraren da riƙon ƙasa ke sauyawa cikin taku ɗaya, su ne ainihin filin wannan na'ura. Na biyu, irin hana-cijen da ake sa wa ƙananan babura tayar gaba kaɗai take tsarewa, ta bar ta baya a hannun mahayi, wanda ke son jan ƙasa da ita cikin rairayi ba a hana shi ba.

Na uku zai ce wa zai gyara? Wannan ma abin dubawa ne, amma ba abin tsayawa ba ne. Bakaniken da ke ƙarƙashin bishiya a bakin tasha ya tarar da injin da ake haɗa wa mai da baƙin mai ya koya, na bayansa ya zo ya koya, matasa kuma sun koyi kwance wayar salula ba tare da sun shiga jami'a ba. Abin da ya fi lalacewa a hana-cije shi ne datti a jikin zobe, ko tsinkewar waya, ko man birki da ya tsufa, kuma duk ba su fi ƙarfin mai koyo ba.

Na huɗu zai ce idan aka gaya wa matashi birkinsa ba ya kayarwa, ganganci zai ƙara. Saboda haka dole a faɗi iyakar na'urar da babbar murya. Ba ta ƙara wa taya riƙon da ƙasa ba ta bayar ba. Ba ta gyara suɗaɗɗiyar taya, ba ta rage nauyin mutum huɗu a kan babur ɗaya, irin ta ƙananan babura kuma ba ta da tabbas idan babur ya kwanta cikin kwana, ba ta kuma maye gurbin hular kwano.

Abin da ya kamata a yi

A farkon 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano. Kowa ya ga yadda ta kaya: wasu suka kifa ƙwarya a ka don gudun tara, bayan ɗan lokaci aka koma gidan jiya a wurare da yawa. Darasin shi ne, dokar da sai an bi mahayi ɗaya bayan ɗaya a kan hanya tana da wuyar tsarewa. Dokar birki kuwa ba a kan hanya ake tsare ta ba, a tashar jiragen ruwa da wurin harhaɗa babura ake yi, inda masu shigowa da su 'yan ƙalilan ne. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ita ke da hurumin gindaya ma'auni. Abin da ake nema gare ta bai wuce ta ɗauki ma'aunin da Indiya ta bi tun 2019 ba: haɗaɗɗen birki ga ƙananan babura, hana-cije ga waɗanda suka wuce cc 125, sa'an nan a sa wa'adin shekarun da ƙananan ma za su samu a tayar gaba. Masana'antun sun riga sun iya, domin suna yi wa kasuwar gida. Gwamnati kuma tana iya sauƙaƙa harajin shigo da masu irin wannan birki don kada nauyin ya faɗa kan mai saye shi kaɗai.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi da 'yan siyasa, waɗanda sukan sayi babura da yawa su raba wa ma'aikata da matasa, suna da hanyar da ta fi kowace sauri: su sa sharaɗin birki cikin takardar saye. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi tana iya shirya gajeren horo ga kanikawa. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu kuwa suna iya farawa tun gobe ba tare da jiran kowa ba, su hana ɗan ƙungiya fita da birkin gaba a sake, su kuma keɓe fili su koya wa sababbi matsa birki biyu tare, a fara a hankali a ƙara ƙarfi, maimakon damƙa. Ba a fafe gora ranar tafiya, hannun da bai saba ba kuwa ba zai koya a gaban tirela ba. Ɗaliban harshe ma suna da nasu rabo, domin bayanin da bai shiga Hausa ba bai shiga tasha ba, kuma Rediyon Rima na nan yana jiran mai iya faɗa.

Kammalawa

Mutumin Boɗinga da na Shagari ba su ƙi birkin gaba don jahilci ba. Sun ga ya kayar da wani ne, suka yi hukunci da abin da ido ya gani, kuma babur ɗin da aka sayar masu bai ba su wata mafita ba. Mafitar tana nan tun 1988, ta yi arha, ta yi sauƙi, ƙasar da ke aiko da baburan kuma ta wajabta wa kanta ita. Idan an ce haɗari ƙaddara ne, Bahaushe ya riga ya amsa da cewa rigakafi ya fi magani. Ran ɗan kabu-kabun da ke jiran fasinja a bakin tashar Shagari bai gaza na takwaransa da ke Indiya ba, sabili da haka birkin babur ɗinsa bai kamata ya gaza ba.